Tsofaffin Kayan Ɗura Harsashi: Yadda Ake Tara Su, a Gyara Su, a Yi Aiki da Su

Harsashi abu huɗu ne aka haɗa wuri guda: kwanson tagulla, ɗan firaima da ke gindinsa wanda ke tayar da wuta, albarushi, sai ƙwayar dalma da ke fita ta bakin bindiga. In an harba, uku sun tafi ke nan, kwanso kaɗai ke saura, kuma shi ya fi sauran tsada. A shekarun 1870, lokacin da harsashi mai kwanson tagulla ya bazu a Amurka, maharbin da ke yammacin ƙasar, wanda tsakaninsa da kanti tafiyar kwanaki ce, bai ga dalilin yar da kwanso ba. Sai ya tsince shi, ya cire mataccen firaima ya sa sabo, ya zuba albarushi, ya narka dalma a bakin wuta ya zuba wata ƙwayar. Kamfanonin bindiga suka ƙera masa kayan yin haka, ƙanana waɗanda za su shiga jakar sirdi. Su ne yau ake bi wuraren gwanjo da baje kolin bindigogi ana nema.

Abu ɗaya zan so mai shiga wannan harka ya riƙe tun daga farko. Ƙarfen waɗannan kaya yakan haura shekara ɗari yana nan daram, in ka duba shi da kyau kana iya yarda da shi. Lambobin da aka buga a jikinsa kuwa na wani zamani ne, na wani irin albarushi, na wani irin kwanso. Waɗannan tarihi ne, a karanta a ajiye, ba a aiki da su.

Doka tukuna

Tara kaya daban, ɗura harsashi daban, kuma kowace ƙasa da inda ta ja layinta. A Amurka dokar tarayya ta bar wanda ba a hana shi mallakar bindiga ba ya ɗura wa kansa, amma in zai mai da abin sana'a yana sayarwa sai da lasisi, kuma jihohi na da nasu ƙarin sharuɗɗa. A Birtaniya, tun dokar 2006, ba ka sayen firaima na harsashin tagulla sai ka nuna takardar izinin bindiga, baƙin albarushi kuma, wato irin na da mai hayaƙi, yana da tasa takardar daga 'yan sanda. A Jamus sai ka yi kwas, ka ci jarrabawa, sannan a ba ka izini a ƙarƙashin sashe na 27 na dokar abubuwa masu fashewa. Akwai ƙasashe da dama da ko wofin kwanso aka gani a hannunka ka shiga uku, balle kayan ɗurawa. Saboda haka kafin ka biya kuɗin komai, ka san matsayin ƙasar da kake zaune, ka kuma san abin da kwastan za su ce in kaya zai tsallaka iyaka. Wanda doka ba ta ba shi izinin ɗurawa ba, sashen ƙarshe na wannan jagora ba nasa ba ne.

Sanin abin da ake nema

Winchester, kamfanin bindiga na Amurka, ta yi jerin kayan hannu da ake kira da shekararsu, daga samfurin 1874 da 1875 zuwa na 1880, 1882, 1888, 1891 da 1894. Na 1882 mai siffar awartaki shi aka fi cin karo da shi. Na 1894 kuwa daban yake, murɗa shi ake yi a hankali har kwanso ya shige. Akasarinsu suna da shuɗin rinin ƙarfe irin na bindiga, kuma mazubin dalma nasu daban yake zuwa.

Sunan da ya mamaye fagen shi ne Ideal. John H. Barlow, wanda ya yi aiki a Winchester, ya kafa kamfanin a New Haven ta jihar Connecticut a 1884. A 1910 Marlin ta saye shi, ya sake canza hannu, har a 1925 ya koma wajen Lyman a garin Middlefield. Wannan tarihi ba ado ba ne, da shi ake sanin shekarun kaya. Ka ga New Haven a jikin hannu, kafin 1925 ne. Ka ga sunan Marlin kusa da na Ideal, ka san zangon da ya fito. Ka ga Middlefield, na zamanin Lyman ne, komai tsufan da mai sayarwa ya rantse yana da shi.

Kayan Ideal lamba-lamba suke. Lamba 4 shi ne abin sha'awa ga yawancin masu tarawa: awartaki guda mai rufin nikel, a goshinsa mazubin dalma, a jikinsa ramin zaunar da ƙwaya, da wurin danna firaima, da hudar daidaita kaurin ƙwaya. Masana'anta ce sukutum a tafin hannu. Lamba 6 ɗan'uwansa ne na dogayen harsasan raifal. Lamba 3 ba shi da mazubi, amma ramin nasa ana kwance shi a sauya, Lamba 10 kuma an yi shi don kwanson da ba shi da leɓe a gindi. A 1947 Lyman ta haɗe waɗannan biyun ta fitar da 310, wanda farkon fitowarsa hannun ƙarfe ne, daga baya aka koma na alminiyam.

Sai kayan bindigar harbin tsuntsu, masu kwanson takarda ko na tagulla: cokulan auna albarushi da ƙananan dalma, sandar danna toshiya, da ɗan injin hannu mai nannaɗe bakin kwanso. A Amurka Bridgeport Gun Implement Company ta yi su da yawa, tana buga B.G.I. a jiki. A Ingila kuwa birnin Sheffield ne gidansu, wajen James Dixon & Sons da G. & J.W. Hawksley, kuma aikinsu na tagulla da katako mai kyan gani ne ƙwarai.

Daga ƙarshen shekarun 1920 aiki ya fara tashi daga tafin hannu ya koma kan teburi. Kamfanin Pacific ya kawo injin matsi mai siffar harafin C, da dayis, wato ƙarfen da ake murɗawa a jikin injin kwanso ya shiga cikinsa a daidaita shi, mai haƙora 14 a kowane inci da faɗin 7/8 na inci, wanda har yau shi ne ma'aunin da kusan kowa ke bi. Belding & Mull na Philipsburg a Pennsylvania, Star na San Diego, Herter's na Waseca a Minnesota, da RCBS da Fred Huntington ya kafa a Oroville ta Kalifoniya a 1943, duk suna da masu bin sawunsu.

Shawarata ga sabon shiga: kama layi ɗaya. Ko kamfani guda, ko girman harsashi guda kamar .44-40, ko kayan shekara ashirin kacal. Wanda ke sayen duk abin da ya gani mai tsatsa yakan wayi gari da akwati cike da rabi-rabin kaya. Tsofaffin kasidun kamfanoni da littafin hannu da Ideal ta riƙa bugawa, wanda Lyman ta ci gaba da shi, su ne ke nuna maka abin da ya zo tare da kowane kaya ranar da aka sayar da shi. Akwai kuma ƙungiyar masu tara irin waɗannan kaya da ake kira ARTCA, inda ake kai tambayar abin da ya gagara ganewa.

Dubawa kafin biya

Fara da rubutun jiki. Haruffan kamfani sukan zo a jere, zurfinsu ɗaya. In ka ga lambar girman harsashi ta karkace, ko wurin ya ɗan lotsa kamar an goge wani abu an buga sabo, yi hattara: girman da ba a cika samu ba, irin na bindigogin Sharps da Ballard, ya fi na gama-gari kamar .38-40 da .32-20 daraja, kuma inda daraja take nan ake ha'inci. Haruffan da gefensu ya dushe alhali ƙarfen yana ta walƙiya, alama ce ta an goge an sake rufin nikel.

Sai ka buɗe hannun ka rufe. Ya kamata ya tafi sumul, ba ya girgiɗi a mahaɗa. Duba kusa da mahaɗar da gindin hannu ko akwai tsaga, domin nan ƙarfin matsi ke taruwa, kuma zubin ƙarfe in ya tsage walda ba ta cika mai da shi yadda yake ba. In akwai mazubi, rufe shi ka ɗaga wajen haske. Haske ya ratso ta tsakani, to fuskokin sun daina haɗuwa, ƙwayar da zai zuba za ta fito da fiffike. Leƙa cikin ramin da tocila: ɗan jan tsatsa a sama ba komai, ramuka masu zurfi kuwa sun kashe shi a matsayin kayan aiki.

Abin da ya fi ɓata shi ne ƙananan abubuwa: sandar tura mataccen firaima, cokalin albarushi, ɗan ƙugiyar da ke zaro kwanso. Sau da yawa neman su ya fi neman uwar kayan wuya, don haka cikakken kaya mai ɗan tsatsa ya fi mai ƙyalli da ya rasa sassa. In kwalinsa na asali da takardar bayani suna nan, kada ka yar ko da sun yage, wani lokaci sun fi ƙarfen daraja.

Wasu tsofaffin kaya za ka ga suna da ɗan tsinin ƙarfe mai kama da kurfi, wanda ba ka san aikinsa ba. Na firaima irin na Berdan ne, wanda ba a tura shi ta ciki, sai a soke shi ta waje a ɓamɓaro. Abin dariya a nan, Hiram Berdan Ba'amurke ne amma tsarinsa a Turai ya zauna, Edward Boxer kuma, mai ɗaya tsarin da ake turo firaima ta ciki, Baturen Ingila ne amma nasa tsarin Amurka ta runguma, don ya fi sauƙin sake ɗurawa.

Hatsarin gaske a wannan mataki ba a ƙarfe yake ba, a ƙasan akwati yake. Kayan da aka kwaso daga gidan mamaci sukan zo da gwangwanin albarushi ba lakabi, da tsofaffin firaima, da harsasan da wani ya ɗura shekara sittin da suka wuce. Ba a harba su, ba a gwada su. Albarushin da ke warin tsami mai hawa hanci, ko yake da jan gari a jiki, ya fara ruɓewa. A ware shi nesa da zafi, a nemi hukuma ko dillali mai lasisi ya karɓa.

Na ajiya a kanta ne ko na aiki a teburi?

Wannan hukunci a yanke shi kafin a ɗiga ko ɗigon mai. Kayan da ba a cika samu ba, ko wanda rininsa na asali ke nan, na ajiya ne, aikinka a kansa tsayar da tsatsa kawai. Kayan gama-gari da ya riga ya sha wuya, shi za ka iya tsaftacewa sosai ka sa shi aiki. Mafi yawan ɓarnar da ake yi wa tsofaffin kaya ba shekaru ke yin ta ba, masu gyara ne da injin goge ƙarfe a hannu. Minti biyu a kan burushin waya mai juyawa sun isa su share rini da haruffan da suka tsira shekara 130.

Gyara, mataki-mataki

Na farko, ɗauki hoto ta kowane gefe kafin ka kwance komai, ka rubuta duk abin da ke jiki. Kowane sukuru da ka cire, ka san ramin da ya fito, domin da yawansu haƙoransu ba irin na yau ba ne, in ya ɓace sai an yanka maka sabo.

Na biyu, sharar bushe. A waje za ka yi ta, da safar hannu, da burushin haƙori. Farin garin da kake gani a mazubi da ludayi dalma ce da ta ruɓe, guba ce, kada ka hura ta da baki, kada ka ci abinci a wurin, kada yara su zo kusa. Mazubin auna albarushi kuwa ka ɗauka akwai saura a lungunansa har sai ka tabbatar babu, ka nisanta shi da wuta da duk abin da ke tartsatsi.

Na uku, jiƙo. Kananzir ko man da ke ratsa tsatsa, kwana biyu, uku, mako ma in ta kama. Haƙuri shi ne rabin gyaran. Sukurun da ya ƙi motsi a ƙara masa mai, a ɗan ƙwanƙwasa kan sukudireba da guduma ƙarama, a bar shi zuwa gobe. Sukudireban ma ya zama irin na masu gyaran bindiga, mai baki miƙaƙƙe wanda ke cika tsagar daidai. Na gida mai baki kamar gatari zamewa yake yi ya yage kan sukurun, kuma yagaggen sukuru shi ne abu na farko da idon masani ke sauka a kai.

Na huɗu, tsatsa, kuma a nan ne ake rabuwa gwargwadon irin rufin da ke jiki.

In shuɗin rini ne irin na Winchester, mai da soson ƙarfe mafi laushi, wanda ake rubuta wa 0000, ko soson tagulla, a shafa ba dannawa. Inda tsatsa ta yi ƙuraje, a kankare da gefen tsinken jan ƙarfe, don ya fi ƙarfen laushi. Abin da mutane ke mantawa shi ne rinin nan shi kansa wata irin tsatsa ce da aka yi da gangan. Saboda haka duk maganin da ke cin tsatsa zai cinye shi: binega, ruwan lemon tsami, da sinadarai irin su Evapo-Rust. Ka tsoma kaya mai rini a ciki, ka ciro shi fari fat.

In nikel ne irin na Ideal, ruwan sabulu mai ɗumi, tsumma mai laushi, a busar nan take. Inda nikel ya fara ɓarewa a bar shi haka, soso zai ƙara ɗaga shi. A guji maganin wanke bututun bindiga mai amoniya, domin yana shiga ta tsaga ya ci abin da ke ƙarƙashin rufin. Sake rufin nikel kuwa ban ga amfaninsa ba, kayan yana yin kyau a ido, darajarsa tana faɗuwa.

In zubin ƙarfe ne mai baƙin fenti, kamar tsofaffin injinan teburi, a wanke maiƙon, a bar duk fentin da ya rage. Sai wanda tsatsa ta rufe shi ruf, ba rini ba fenti, shi ne ya cancanci wankan lantarki: bokitin roba, ruwa, sodar wanki kamar babban cokali ɗaya a lita huɗu, da cajar batirin mota. Wayar nagatif a jikin kayan, ta fozitif a jikin wani tarkacen ƙarfe, kada su taɓa juna. Kada tarkacen ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa, domin yana sakin sinadarin kuromiyam mai guba a ruwan. A yi a fili, saboda iskar haidurojin da ke tashi tana kama wuta. A cire sifirin tukuna, wankan na iya sa shi ya yi gautsi. Da an ciro a wanke, a busar, a shafa mai a take, don sabon ƙarfe tsirara cikin mintuna yake fara ja.

Na biyar, tagulla. Sabulu da ruwa sun wadatar, duhun da shekaru suka ba ta a bar mata. Yawancin man goge tagulla na kasuwa na ɗauke da amoniya, ita kuwa amoniya tana tsaga tagullar da aka matsa. Sojojin Birtaniya a Indiya ne suka fara ganin haka, harsasan da suka ajiye a bargar dawaki lokacin damina suka riƙa tsagewa, sai a 1921 aka tabbatar amoniyar fitsarin dawakin ce. Don haka irin wannan man bai dace da siraran cokulan awo ba, balle kwanson da za a harba.

Katakon hannu a goge da ɗan tsumma mai laima, a shafa dafaffen man linsid kaɗan-kaɗan. Tsumman da ya sha man nan in an dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa, a shanya shi a buɗe ko a jiƙa a ruwa.

Na shida, mazubi, wanda shi ne wurin da ya fi kowane saurin lalacewa. Ba samfefa, ba soson ƙarfe, ba tsinin wuƙa a cikin ramin. Kaurin da ka rage ko ƙara a nan da kashi ɗaya cikin dubu na inci ake auna shi. Mai, burushin haƙori, tsinken katako, sai robar goge fensir ga tabon da ya ƙi fita. Dalmar da ta manne a fuska a ɗumama mazubin a share da tsumman auduga. Murfin da ke yanke wutsiyar dalma ya kwanta daidai a sama, yana juyawa ba tare da sako-sako ba.

In kaya ba shi da lambar girma, ko kana shakkar wadda ke jiki, akwai wani ƙarfe mai suna Cerrosafe da ke narkewa tun ruwa bai tafasa ba. A toshe ƙasan ramin, a zuba, ya daskare a turo shi, bayan awa ɗaya a auna da maikuromita, ma'aunin kauri mai kama ɗan ƙanƙanin bambanci, a lokacin girmansa ya yi daidai da na ramin.

Sassan da suka ɓace, mai injin lesi, wato injin sassaƙa ƙarfe, zai iya yanka maka in ka kai masa samfuri ko zane. Ka lura dayis na 310 da na injin Tru-Line Junior na Lyman ƙanana ne, haƙora 30 a inci, ba sa shiga injin zamani sai da mahaɗi. Duk abin da ka sa sabo, ka rubuta a ɗan kati ka ɗaura a jiki, kada wanda zai gaje ka ko ya saya ya ɗauka na asali ne.

Na ƙarshe, rufi da ajiya. Kayan kanta kaki ya fi masa mai, don mai yana jan ƙura yana daskarewa. Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihi na British Museum a shekarun 1950, shi aka fi amfani da shi. A ajiye inda ba laima, ba a cikin fata ba, ba kuma a kan soso ba, dukansu suna riƙe danshi.

Aiki da su

Kafin kaya, bindigar. Tsohuwar bindiga sai mai gyaran bindiga ƙwararre ya duba ta, ya auna mazaunin harsashinta. Tsofaffin bindigogin tsuntsu da yawa mazauninsu inci 2½ ne, gajere a kan 2¾ na yau, masu bututun Damaskus kuma, wanda aka yi da murɗaɗɗen ƙarfe, ba a yi su don matsin albarushin zamani ba.

Sai ka fara da harsashin wofi, ba firaima ba albarushi. Matse wuyan kwanso, zaunar da ƙwaya, danne baki, auna tsawo da kauri, ka gwada ko yana shiga bindigar yana fita lafiya. A nan kayan zai faɗa maka gaskiyarsa. Za ka kuma gane iyakarsa: awartakin hannu ba shi da ƙarfin mayar da kwanso gaba ɗaya zuwa girmansa na asali, wuya kawai yake matsewa. Shi ya sa kwanson da aka harba a bindiga ɗaya, a ita yake komawa, a wata yana iya ƙin shiga.

Yanzu ga batun lambobi. Sunan .44-40, wanda ya fito da Winchester ta 1873, yana nufin faɗin .44 na inci da nauyin giren 40 na baƙin albarushi. Haka .45-70. Cokalin da ya zo da kayan, da zanen diram da ke jikin ma'aunin Sheffield, duk don baƙin albarushi aka yanka su, kuma cika suke aunawa, ba nauyi ba. Diram ɗaya giren 27 ne da ɗoriya, giren ɗaya kuma bai kai kashi 7 cikin 100 na giram ba. A 1884 Paul Vieille ya fito da albarushi mara hayaƙi a Faransa, zuwa 1895 har ya shiga harsashin farauta irin .30-30. Wannan sabon ya fi tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba. Wanda ya cika tsohon cokali da shi bisa lambar da ke jiki, bindigar za ta tarwatse a hannunsa.

Kwanson ma ya canza. Na da gindinsa siriri ne mai kumburi ta ciki, ya fi ɗaukar albarushi amma ya fi rauni, na yau gindinsa cikakke ne, cikinsa ya fi ƙanƙanta. Ga kuma tsofaffin firaima masu sinadarin zaiba, waɗanda ke shiga tagulla su sa ta gautsi. Tsohon kwanso na kanta ne. Aiki da sabo ake yi.

Adadin albarushi daga wuri ɗaya kawai ake ɗaukarsa: littafin ɗurawa na yanzu, wanda kamfanin albarushi ko na ƙwaya ya gwada a ɗakin gwaji, na wannan harsashi, wannan ƙwaya, wannan albarushi. A fara daga mafi ƙarancin abin da ya rubuta. Tsohon littafin Ideal yana da daɗin karatu, amma albarushin da ke ɗauke da suna iri ɗaya a yau ba lallai ya zama shi ne na wancan lokaci ba. Kowane zubi a ɗora shi a sikelin zamani da aka tabbatar da shi da duwatsun gwaji. Tsofaffin ma'aunai irin Ideal Lamba 5 ko na Belding & Mull suna iya zuba daidai abin mamaki, amma sikeli ne alƙali. Baƙin albarushi kuma ba a zuba shi a ma'aunin da ba don shi aka yi ba, saboda tartsatsi, ba a kuma barin fili tsakaninsa da ƙwaya.

Sauran ladubban kowa ya san su, amma su ake karyawa: tabarau a ido musamman lokacin danna firaima, gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan teburi, a leƙa kowane kwanso kafin a ɗora ƙwaya don gudun zubi biyu, ba taba, ba hira. Kuma a fara koyo a gaban wanda ya daɗe yana yi, da kayan zamani, sannan a dawo kan na da.

Zubin dalma da mazubin da ke goshin Lamba 4 yana da nasa wahala. Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, zafin kuma yana bin ƙarfen har hannu, sai da safar fata mai kauri. A wanke man da ke ramin tas, in ba haka ba ƙwaya za ta fito a yamutse, a kuma ɗumama mazubin tukuna. A yi a inda iska ke wucewa. Ɗigon ruwa ɗaya da ya nutse cikin narkakkiyar dalma ya isa ya watso tukunyar a fuska, saboda haka ludayi da duk abin da za a tsoma ya bushe ƙayau. Murfin yanka da sandar katako ake bugunsa, guduma ba ta taɓa mazubi. Ni dai in kayan yana da sauran nikel mai kyau ba na kai shi wuta, zafi yana dusar da shi. Gara a zuba ƙwaya da mazubin zamani, a bar wa tsohon aikin zaunarwa.

Bayan an gama, dattin baƙin albarushi yana jan laima yana cin ƙarfe da tagulla, don haka kwanson da aka harba a jefa shi ruwan sabulu a ranar, ya bushe sarai kafin ya sake shiga ramin kayan. A da, mutane sukan bar ƙwaya ta ƙarshe a cikin mazubi wai don ta tsare ramin daga tsatsa. Ba na bin wannan, danshi yana samun hanyar shiga tsakaninsu. A bari ya huce, a shafa masa mai ciki da waje, a rufe shi, a wanke man ranar da za a sake kunna wuta.